Wa Zai Sa wa Sassaben Wuta

Asabar, 22 ga Agusta, da hantsi

'Yata Zenilda lafiya lau. Ƙanwarta Irani zazzaɓi, kwana na biyar, amma yau ta sha ruwan shinkafa bai dawo ba. Dona Firmina, uwar mijina, ƙafarta a kumbure, bakinta kuwa lafiya ƙalau. Ni lafiya. Alade lafiya. Kaji sun ragu da ɗaya, ban san abin da ya ɗauke ta ba. Mijina Miro ba ya gida.

Mai ɗaukar jini don gwajin zazzaɓi da ke zuwa kan keke shi ya ce a riƙa rubuta ranar da zazzaɓi ya kama kowa. Da Miro ke rubutawa. Yanzu littafin ya dawo hannuna, ni da sai da na haifi 'ya'ya biyu sannan na fara riƙe fensir, a ajin manya na bayan coci, can jihar Paraná kafin mu taso. Hannuna a hankali yake tafiya. Ba komai.

Ranar Laraba da safe ya fita. Ya ce zai bi ta ƙasan sassaben ya duba layin tare wuta a gangaren rafi, daga can ya ɓulla titi ya tari motar gungume zuwa gari, ya karɓo wa Irani magani. Shi ma bai daɗe da tashi daga zazzaɓin ba, idonsa rawaya. Ya ɗauki adda da gorar ruwa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Dorva, ko wa ya zo, kada a sa wuta sai na dawo."

Na ce to.

Lahadi, 23, da la'asar

Maza shida na layin gonakinmu sun shiga sassaben tun safe, Kompadre Ataliba a gaba. Shi da matarsa Jandira ne suka riƙe Irani a baftisma, shi ya sa muke kiran juna kompadre da komadre, gonarsu ce manne da tamu. Sun fito da azahar, jikinsu duk karce. Kadada bakwai na dajin da aka kayar tun watan Yuni, bishiya kan bishiya, wani wurin ya fi tsayin mutum biyu. A kan gungume ake tafiya, ba a ganin ƙasa. Ataliba ya ce sun yi kira har muryarsu ta dushe. Gangaren rafin ne ba su iya shiga cikinsa sosai ba, don can manyan suka faɗi.

Direban motar gungume ya ce ranar Laraba ya ɗauki mutum uku ko huɗu a bakin layi. Da aka kwatanta masa Miro sai ya ce, "Mai malafa, siriri, idonsa rawaya? Ai kowa a jihar nan haka yake."

Na buɗe gwangwanin takardu. Katin shaidarsa ba ya ciki. Na duba ƙarƙashin gado. Takalminsa na zuwa gari yana nan.

Litinin, 24, da rana

Yau ranar da ake cewa Shaiɗan a sake yake, ba mai kunna wuta a gona. Ba wanda ya zo ya tambaye ni komai. Na ji daɗin hakan.

Dona Firmina tana tsince wake a bakin ƙofa ta ce, "Ki daina leƙen hanya, wuyanki zai ƙage. Kuza ya tafi haƙa wajen ƙanensa Deolindo, tun bara yake maganarta. Ubansu ma haka ya yi min. Ya ce zai je sayo gishiri, sai bayan shekara biyu na gan shi. Kuma ba gishirin."

Na ce, "Da takalmin gona zai tafi, Dona Firmina?"

Ta ce, "Rami zai shiga, ba rawa za shi ba."

Ta yi dariya. Waken da ta gama tsincewa na ga ta sake juye shi cikin wanda ba a tsince ba.

Laraba, 26, da safe

Mako guda.

Alhamis, 27, da azahar

Hayaƙi ya rufe ko'ina. Duk layukan da ke gabas sun sa wuta. Rana ta koma kamar gwaiduwar ƙwai, ana kallonta ido bai yi zafi ba. Toka tana sauka kan shanya, kan shinkafa, cikin gashin yara.

A garinmu ina sanin ruwa tun saura kwana biyu. Kwaɗi su fara, tururuwa su kwashi ƙwai, gwiwata ta hagu ta yi tsami. A nan kwaɗi kullum kuka suke, tururuwa kullum kaya suke ɗauka, gwiwata kuwa tun da muka zo shekara uku ba ta daina ciwo ba. Na ɗaga kai in duba sama, ban san ko hadari nake gani ko hayaƙin gonar wani ba.

Idan ruwa ya jiƙa sassaben kafin a ƙone shi, ba zai ci wuta ba sai baɗi. Ba shinkafa, ba masara, ba wake. Na rubuta don in gan shi a rubuce.

Irani ta samu magani. Jandira ce ta kawo ragowar nata a ƙulle cikin leda.

Jumma'a, 28, da yamma

Ataliba ya zo da malafa a hannu. Na ba shi kofi. Ya yi maganar alade, ya yi maganar ƙafar Dona Firmina, ya ce ta riƙa ɗora ta kan kujera. Ta ce masa, "Kai ka ɗora taka maganar, tun ɗazu kake zagaye da ita kamar kare zai kwanta."

Sai ya ce, "Komadre, sassabena da naku baki ɗaya suke. In na kunna nawa, naku ya kama, ko na so ko ban so ba. Rana ɗaya ake yi, kin sani."

Na ce na sani.

"Ba matsa miki nake ba. Itacen ya bushe ƙayau, in ka taka reshe kamar bindiga. Yanzu ne lokacinsa."

Na ce, "Ya ce kada a sa sai ya dawo."

Ya juya malafar sau biyu. Ya ce, "Zan jira, komadre. Amma sama ba kompadrena ba ce, ba za ta jira ba."

'Ya'yansa biyar. Da ya tafi na tuna ban sa masa sukari ba, kuma ya shanye a haka.

Lahadi, 30, da azahar

An kai saƙona gidan rediyo. Mun taru a ɗakin Jandira aka karanta shi a shirin saƙonni na rana: Valdomiro na Layi na Talatin da Shida, ko ƙanensa Deolindo a wajen haƙar kuza, iyali na neman labari. Mutumin ya karanta da sauri, tsakanin wani da saniyarsa ta ɓata da wata da ta haihu. Zenilda ta ce, "Mama, shi ke nan?" Na ce shi ke nan.

Litinin, 31, da rana

Ba saƙo.

Talata, 1 ga Satumba, da rana

Ba saƙo. Ungulaye suna shawagi ta ƙasan sassaben. Kullum suna yi, tun kafin. Ina jin tun kafin suna yi. Na tambayi Zenilda ko bara ma haka suke yi, ta kalle ni ta shige ɗaki.

Laraba, 2, da la'asar

Yayyafi.

Ina wanki na ji ɗigo a wuyana. Ban san sanda na yar da sabulu na ruga bakin sassaben ba, na tsaya da hannu a buɗe kamar zan tare shi. Bai kai a dafa kofi ba ya ɗauke. Jandira ta iske ni a wurin, ita ma ba ɗankwali.

Ta ce, "Ruwan mangwaro ne, komadre, ba na gaske ba. Gargaɗi ne." Sannan ta kama hannuna ta faɗi wata magana game da kwana goma sha huɗu, da abin da mutum zai iya yi ba ruwan sha. Ba zan rubuta ta ba.

Na ce, "Akwai rafi a can."

Ta ce, "Dorva."

Na ce, "Akwai rafi."

Jumma'a, 4, da yamma

Na shiga da kaina. Na ce wa Dona Firmina rogo zan tono.

Na sa wandonsa na ɗaure da igiya. Na hau gungumen farko, na bi shi har ƙarshe, na tsallaka wani. Ganye busassu sun rufe ramuka, ƙafata ta zurma har cinya sau biyu. Zafi daga ƙasa yake tasowa. Na yi niyyar miƙewa zuwa rafi, bishiyar gyaɗar daji guda da aka bari tsaye ita nake bi da ido. Hayaƙi ya ɓoye ta. Da ta sake fitowa sai na gan ta a bayana. Na juya. Na sake juyawa. Na kira shi, wani abu ya motsa a ƙarƙashina ya gudu. Ban sake kira ba.

Da na fito, a bayan garken aladenmu na fito, inda na shiga. Rana ta karkata. Ban ko ji ƙarar rafin ba.

Dona Firmina ta dubi ƙafafuna ta ce, "Rogon nan da faɗa yake." Ta sa Zenilda ta ɗora ruwan gishiri. Da kanta ta wanke min, tana cire ƙayoyin da allura.

Asabar, 5

Kowa lafiya. Irani ta ci ayaba biyu.

Litinin, 7, da hantsi

Na ga gindin gangar shinkafa. Ta iri tana rataye a buhu a saman murhu, ba mai taɓa ta. Irani ta tambaya me ya sa ba ma cin waccan. Na ce waccan ta ƙasa ce. Ta ce, "Ƙasa ta fi mu yunwa?"

Abin da ke damuna ke nan, bari in gwada rubuta shi daidai. In na ce yana wajen kuza, to ya dube ni a bakin ƙofa, 'yarsa na rawar ɗari a ɗaki, ya yi min ƙarya ya tafi. Shekara goma sha shida da aure. In na ce bai yi min ƙarya ba, to bai kai titi ba. Da safe in na durƙusa ban san wanne zan roƙa ba. Sai in ce wa Budurwa Maryamu ke kin sani, in tashi.

Kuma me ya sa ya ce kada a sa wuta? Mai tafiya kuza ina ruwansa da wuta? Ko don kada mu gane da wuri? Ko don ya san ni ban taɓa kunnawa ba? Kowace shekara haka yake cewa ne? Ina jin bara ma ya faɗa. Ban tabbata ba.

Talata, 8, da rana

Ba saƙo. Batirin rediyon Jandira ya yi sanyi, ta dafa shi a ruwan zafi, ya ɗan farfaɗo. Ta ce da haka ake farfaɗo da maza da ta dafa Ataliba tun tuni. Na yi dariya, sai na ji kunya.

A hanyar dawowa na ga Ataliba tsaye a bakin sassabensa, yana kallon yamma. Bai gan ni ba. Na ji tsawa nesa. Ko gungume ne ya faɗi a gonar wani.

Laraba, 9, da safe

Tsawa ce.

Laraba, da la'asar

Dona Firmina ta kira ni. Ta kori yaran.

Ta ce, "Ki sa wutar."

Na ce, "Ya ce..."

"Na ji abin da ya ce, ina zaune a nan. Ni na haife shi. Na binne biyu a Minas, ɗaya a Paraná, duk don ba abin sa wa a tukunya a shekarar da ta ƙi. Ba zan zauna in ga an fara da Irani ba." Ta gyara ƙafarta. "Yana wajen kuza, na gaya miki. In ya dawo ya yi faɗa, ki turo min shi."

Na ce, "In kuma ba ya can fa?"

Ta ce, "To ba zai yi faɗa ba."

Na aika Zenilda ta gaya wa Ataliba. Asabar.

Jumma'a, 11, da yamma

Mun yanka kaji uku na gayya. Maza sun sake share layin tare wuta ta sama da gefen gida. Na yayyanka tsohuwar taya, na ɗaura a bakin sanduna tara. Na ƙirga sau uku, kowane lokaci sai in ga kamar akwai wanda na manta ban yi wa ba.

Asabar, 12, da la'asar

An yi.

Sai da raɓa ta bushe, rana ta zo tsaka. Maza takwas suka rarrabu a gefuna. Mai gona ne ke fara kunnawa, haka ake yi. Ataliba ya ce in ina so zai karɓa min. Na ce a'a.

Kafin a kunna akan yi ihu a buga gwangwani don namun daji su fita. Aka yi. Kunkuru ya fito, da wasu ɓeraye. Da aka yi shiru na ji bakina ya kira sunansa cikakke, Valdomiro, yadda ban kira shi ba tun ranar aure. Sau uku. Mazan suka cire malafa. Muka saurara. Gyare kawai.

Ba iska ko kaɗan. Tsoho Belarmino na ƙarshen layi ya fara fito, yana kiran Waliyyi Lourenço ya sako iska, sauran suka kama. Wani ya ce, "Kai tsoho, da haƙori biyu kake fito, waliyyin zai ɗauka kaza ce." Aka yi 'yar dariya. Sai ganyen ayaba ya motsa.

Na sa tayar a wuta, na tura ta ƙarƙashin rassan. Ban ga ta kama ba, sai ji na yi. Ƙara kamar motoci goma. Ataliba ya fizgo ni baya ta riga, gashin hannuna ya ƙone. Cikin ɗan lokaci rana ta ɓace. Gora tana fashewa, manyan itatuwa suna nishi. Akwai ƙararraki iri-iri a cikin wuta. Jandira ta ce duk wuta haka take, ta toshe min kunne da tafin hannunta kamar yarinya.

Sun ce ta ci da kyau. Sun ce shekara uku ba a ga wadda ta ci haka a layin nan ba. Suka ci kaji, ba wanda ya nemi ƙari. Dona Firmina ba ta fito ba. Da na shiga na same ta ta juya fuska bango, carbinta a hannu.

Lahadi, 13

Hayaƙi.

Talata, 15, da safe

Yanzu daga bakin ƙofa ana hango har inda ƙasa ta gangara. Fari da baƙi. Ban san gonar tana da girma haka ba. Gangaren kansa ba a ganinsa, tudu ya tare.

Ataliba ya ce in ƙasa ta huce zai zaga ta wajen rafi, shi kaɗai. Na ce kada ya je. Ya ce, "Komadre, gara a sani." Na ce gonata ce. Ban taɓa yi masa magana haka ba. Jandira ta ce kaina ya taɓu. Wataƙila.

Alhamis, 17, da rana

Ba saƙo. An karanta na wata mata a Layi na Arba'in, mijinta ya aiko daga wajen kuza yana lafiya, bayan wata biyu. Wata biyu. Ashe ana yin haka. Na dawo gida da sauri, na share ɗaki, na goge takalminsa. Da na gama na zauna ina kallonsa ban san me ya sa na goge ba.

Litinin, 21, da la'asar

Ruwa. Na gaske. Tun azahar yake zuba, rufin yana yoyo ta wuri huɗu. Yara sun fita suna tsalle, toka na gangarowa baƙa daga gashinsu. Ataliba ya wuce a jiƙe ya ɗaga min hannu daga nesa. Da na ƙara kwana tara, da mu da su mun shiga uku.

Na yi daidai ke nan. Na rubuta, na karanta, ban ji komai ba.

Alhamis, 24, da yamma

Mun fara shuka daga sama, ta bakin gida. Ina gaba da abin shuka na hannu, ina caka shi yana ƙara kaf, kaf, Zenilda da Irani suna baya suna taka ramuka. Ƙasa laushi kamar gari. Muna zagaye kututture, muna tsallake gungume. Shinkafa a fili, masara a jikin itatuwa. Irani baƙa wuluk har ido, tana waƙa.

Asabar, 26, da yamma

Mun wuce bishiyar gyaɗar daji. Ta mutu a tsaye.

Zenilda ta auna da ido ta ce, "Mama, a haka Asabar mai zuwa muna rafi." Na ce ta iya lissafi. Na rage sauri, ta lura. Iri ba ya jiran mutum, ƙasa tana da danshi yanzu, ciyawa ta fara leƙowa.

Lahadi, 27, da hantsi

Belarmino zai bi motar gungume gobe, ɗan 'yar'uwarsa yana kai kaya wajen kuza, ya ce hannu da hannu zai ba wa Deolindo wasiƙa. Na rubuta sau biyu, ta farko ta yi tsawo. Ga wadda zan bayar, na kwafe ta a nan.

Deolindo, ni ce Dorvalina matar yayanka. Mahaifiyarku tana nan, ƙafa ce kawai. Yara lafiya. Mun ƙone sassaben ranar sha biyu, ni na kunna, ya ci da kyau, muna shuka. Miro ya fita tun sha tara ga Agusta ta gangaren rafi. In yana wajenka ba na neman ya dawo, ba na neman ya aiko da komai, ba zan yi faɗa ba. In ya ce kada ka faɗa, kai ka faɗa, ba zan ce kai ne ba. Ka aiko ta rediyo ko ta mai motar, kalma ɗaya ta isa. Amma ta iso ni kafin Asabar, uku ga Oktoba. A ranar ne shuka za ta kai gangaren, kuma ina so in san ko in tafi da yaran ko in bar su a gida.